Ƙanwata, tarihinki bai ɗaure miki baki ba

Na karanta tambayarki har ƙarshe. Kin ce aminiyarki ta shiga hulɗa da mijin wata, kika ja ta gefe kika yi mata magana, sai ta wanke ki tas. Wai ke ma an san abin da kika yi kafin aurenki, wai Yesu ya ce kada a ɗora wa kowa laifi, wai wanda ba shi da zunubi shi ya fara jifa. Kika koma gida jiki a sanyaye, kina tambaya ko Kirista ba shi da bakin magana a kan zunubin wani sai ranar da ya zama tsarkakakke.

Idan haka ne, ƙanwata, da babu fasto da zai hau mumbari, babu uwar da za ta tsawata wa 'yarta. Kina da bakin magana. Sai dai akwai aikin da Ubangiji ya ce a fara yi kafin a buɗe bakin, kuma a nan ne yawancinmu muke tsallake. Shekaruna sun yi nisa a cikin ikkilisiya, an kuma sha kirana zaman sulhu, na ma'aurata, na 'yan'uwa, na waɗanda kuɗi ya shiga tsakaninsu. Da wuya a tashi irin wannan zama wani bai jawo Matiyu 7 ba, kuma kusan kullum aya ta farko kaɗai ake jawowa, a bar sauran.

Ki buɗe wurin ki karanta daga aya 1 zuwa 5 ba tare da tsayawa ba. Yana cikin huɗubar da Yesu ya yi a kan dutse, wadda ta cika sura 5 zuwa 7, Luka ma ya kawo shi a sura 6. Bayan ya ce kada a ɗora wa kowa laifi, sai ya faɗi dalili: mudun da kika auna wa wani, da shi za a auna miki. Daga nan ya kawo mutumin da ke hangen ɗan haki a idon ɗan'uwansa alhali gungume na cikin nasa idon. Ya kira shi munafuki. To amma ina maganar ta ƙare? Bai ce masa ya koma gida ya bar ɗan'uwansa da hakin a ido ba. Cewa ya yi ya cire gungumen tukuna, sa'an nan zai gani sosai har ya iya cire hakin. Ashe hakin nan yana nan, yana kuma yi wa mai shi ciwo, kuma ana so a cire shi. Ana dai neman mai cirewar ya kasance yana gani.

Ayoyin da ke biye ma sun ishe mu shaida. A aya 15 zuwa 20 ya ce a yi hankali da annabawan ƙarya, da 'ya'yansu za a gane su. Ta yaya za ki gane itace da 'ya'yansa idan an hana ki cewa wannan mai kyau ne, wancan ruɓaɓɓe? A Yahaya 7:24 kuwa ƙarara ya ce a daina hukunci bisa ga ganin ido, a yi hukunci na gaskiya. Abin da ya hana shi ne riƙe mudu biyu, babba na auna laifin mutane, ƙarami na auna naki. Ya kuma hana ki hau kujerar da ba taki ba, ki yanke cewa wance ta gama lalacewa, Allah ya gama da ita. Yakubu 4:12 ya ce Mai ba da shari'a da Mai hukunci ɗaya ne.

Maganar jifa da dutse kuwa, ƙawarki rabin labarin ta ɗauko. A Yahaya sura 8, malaman Attaura da Farisiyawa sun kawo mace da suka ce an kama ta tana cikin zina. Ina namijin? Shari'ar da suke tinƙaho da ita, a Littafin Firistoci 20:10, ta haɗa su biyun ne. Su kuwa macen kaɗai suka jawo, domin ba tsarki ya dame su ba, tarko suka ɗana wa Yesu. Da ya ce marar zunubi ya fara jifa, suka sulale ɗaya bayan ɗaya, dattawan ne ma a gaba. Amma da ya rage daga shi sai ita, bai ce mata ba komai ba ne. Ya ce shi ma bai hukunta ta ba, ta tafi, kada ta ƙara yin zunubi. Duk mai son fakewa da wannan labari, sai ya ɗauke shi har da wannan jimlar ta ƙarshe.

Yanzu ga abin da ya fi damunki, wato abin da ya wuce. Ban san mene ne ba, ba na kuma bukatar sani. Tambaya ɗaya ce: kin tuba, kin bari? Idan kin furta shi a gaban Allah kin juya masa baya, 1 Yahaya 1:9 ta ce an gafarta an kuma tsarkake. Gungumen da aka riga aka cire ba ya cikin ido kuma. Dubi Bitrus. Sau uku ya yi musun sanin Ubangijinsa a dare ɗaya. Ba a daɗe ba sai ga shi tsaye a Haikali, a Ayyukan Manzanni sura 3, yana gaya wa taro ido da ido cewa sun ƙi Mai Tsarkin nan, Mai Adalci. Wani a cikin taron zai iya ɗaga murya ya ce, "Kai fa?" Da kuwa ya faɗi gaskiya. Amma tun kafin faɗuwar tasa Yesu ya riga ya gaya masa, a Luka 22:32, cewa in ya juyo ya ƙarfafa 'yan'uwansa. Dawuda ma a Zabura 51, bayan ya roƙi a wanke shi, ya ce sa'an nan zai koya wa masu laifi hanyoyin Allah. A ganina, wadda ta taɓa faɗawa ramin ta fita ta fi kowa cancantar gargaɗin mai tunkararsa, in dai za ta yi maganar a matsayin wadda aka ciro.

Saboda haka ba na tsammanin tsohon tarihin nan ne gungumenki. Idan akwai gungume, na yau ne, kuma irinsa ba ya son a gan shi. Bahaushe ya ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wanda kike tsaye a kai shi ne ba kya gani.

Labarin Dawuda da annabi Natan, a 2 Sama'ila sura 12, shi ne ya fi nuna mini yadda abin yake aiki a zuciyar mutum. Dawuda ya ɗauke Batsheba, ya sa aka kashe mijinta Uriya a bakin dāga, ya ci gaba da mulkinsa har aka haifi yaron. Sai Natan ya zo masa da ƙara: wani attajiri mai garkuna ya yi baƙo, ya ƙi taɓa nasa, ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tilo ta wani matalauci ya yanka. Dawuda ya harzuƙa, ya rantse cewa mutumin ya cancanci mutuwa, kuma sai ya biya ninki huɗu. Natan ya ce, "Kai ne mutumin." Ki lura, hukuncin Dawuda a kan attajirin ba kuskure ba ne, zalunci ne aka yi. Idonsa garau yake a kan tunkiyar wani, ya makance a kan matar wani da jinin wani. Haka Yahuza a Farawa 38. Da aka ce masa surukarsa Tamar ta yi ciki, nan take ya ce a fito da ita a ƙone. Sai ta aiko masa da hatiminsa da igiyarsa da sandarsa, ta ce mai waɗannan kaya shi ne mai cikin. Ya sunkuyar da kai ya ce ta fi shi gaskiya. Na daɗe da lura a zaman sulhu cewa wanda ya fi kowa kumfar baki a kan wani irin zunubi, sau da yawa akwai abin da ke tsakaninsa da zunubin nan. Ba kullum ba, kada ki je ki fara zargin kowane mai kishin gaskiya. Amma yana faruwa fiye da yadda ake zato, kuma Bulus ya faɗe shi a Romawa 2:1, cewa mai ganin laifin wani kansa yake hukuntawa, don shi ma yana yin waɗannan abubuwa.

To yaya ake binciken kai? Ba shi ne mutum ya ce "ai dukanmu masu zunubi ne" ya wuce ba. Wannan magana ba ta cin kowa komai, shi ya sa kowa ke iya faɗinta. Wani magidanci ya taɓa zuwa zaman sulhu da takarda a aljihu. Ya zaro ta, ya warware, ya shiga karanto laifuffukan matarsa, kowanne da ranarsa, har da wanda ta yi tun suna amare. Matar tana zaune tana murza bakin gyalenta, ba ta ce uffan ba. Da ya gama, wani dattijo a cikinmu ya miƙa masa biro ya ce, "Madalla. Juya bayan takardar, ka rubuta mana naka guda ɗaya." Mutumin ya riƙe biron ya yi shiru, ya dubi rufin ɗaki, ya dubi takalminsa. Can ya rubuta wani abu ya miƙo. Abin da ya rubuta shi ne, "Haƙurina ya yi yawa." Dattijon ya mayar masa da takardar ya ce wannan yabo ne, a sake. Sai da aka ɗage zaman. Yawancinmu in aka ce mu binciki kanmu, irin wannan amsar muke kawowa, laifin da in an duba shi da kyau lambar girma ce.

Binciken gaske yana da suna da rana da wuri, kamar yadda takardar mutumin nan take a kan matarsa. A batunki, ga irin abin da zan so ki zauna ki tambayi kanki, ke kaɗai, ba tare da gaggawa ba. Ta yaya kika san zancen nan, da idonki kika gani, ita ta gaya miki, ko ji kika yi? Karin Magana 18:17 ta ce mai fara kawo ƙara shi ke da kamar gaskiya, sai abokin shari'arsa ya zo ya yi masa tambayoyi. Mutum nawa kika gaya wa kafin ki gaya mata? A nan ki haɗa har da waɗanda kika gaya wa da sunan "abin addu'a", domin gulma ta fi yawo a cikinmu da wannan suna fiye da kowane. Da kika fara jin labarin, me ya fara zuwa zuciyarki, baƙin ciki ko wani ɗan sanyi, irin na "ashe ita ma"? Akwai wani tsohon abu tsakaninku, wata rana da ta fi ki, ko ta raina ki? Sannan wadda na fi ba wa nauyi: idan ta tuba a ɓoye gobe, ta rabu da mutumin, babu wanda ya ji, babu wanda ya san ke kika yi mata magana, zai ishe ki? In zuciyarki ta ce ya isa, kin kusa shiryawa. In kuwa kin ji kamar an rage miki wani abu, to ga gungumen nan.

Kada ki dogara ga kanki kaɗai a wannan bincike. Irmiya 17:9 ta ce zuciya ta fi komai yaudara, Bulus kuma ya ce ko da bai san wani laifi a kansa ba, wannan bai baratar da shi ba. Shi ya sa mai Zabura 139 bai ce zai binciki kansa ya kawo rahoto ba, roƙo ya yi Allah ya bincike shi. Ki kuma sami mace ɗaya mai tsoron Allah wadda ba ta jin nauyinki, ki tambaye ta yadda bakinki yake in kina gyara wa mutane. Ba sai kin ambaci sunan ƙawarki ba. Abin da za ta faɗa zai iya yi miki ɗaci, ki haɗiye.

Wannan ba sabon abu ba ne a cikin ikkilisiya. Bulus ya ce kowa ya gwada kansa kafin ya ci Jibin Ubangiji, a 1 Korantiyawa 11:28. A ƙarni na 4 kuma, cikin masu ibada da suka keɓe kansu a hamadar Masar, akwai wani da ake kira Musa Baƙi, tsohon ɗan fashi ne da ya tuba. Ana ba da labari cewa an kira shi zaman hukunta wani ɗan'uwa da ya yi laifi, ya ƙi zuwa. Da aka matsa masa, sai ya saɓo kwando mai huji cike da yashi a bayansa, yana tafe yashin na zuba. Aka tambaye shi mene ne haka, ya ce zunubansa ne ke zuba a bayansa ba ya ganinsu, ga shi kuma ya zo hukunta na wani. Aka yafe wa ɗan'uwan. A wajen 1729 ma, John Wesley, mai wa'azin nan na Ingila, da abokansa a Jami'ar Oxford sun riƙa yi wa kansu tambayoyin binciken zuciya a kai a kai. Waɗannan mutane ba su jira sai rigima ta taso ba. Wanda ya saba duba kansa kullum, ranar da zai yi wa wani magana ba ya bukatar dogon shiri.

Sai dai in ja miki kunne ta ɗaya gefen, domin na ga inda wannan koyarwa ta zama maɓoyar matsorata. Akwai masu binciken kai da ba ya ƙarewa. Shekara ta zagayo suna "ni wa ce da zan yi magana", alhali gaskiyar ita ce ba sa son ɓacin rai, ba sa son rasa ƙawa. Wannan ba tawali'u ba ne. Littafin Firistoci 19:17 ya ce ka tsauta wa maƙwabcinka don kada ka ɗauki zunubi saboda shi, kuma aya ta gaba ita ce ta ce ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka. A jere suke. A 1 Korantiyawa 5 Bulus bai tsaya kan mutumin da ke zaune da matar ubansa kaɗai ba, ikkilisiyar ya fi yi wa faɗa, don ta zuba ido tana taƙama. Shi kansa Bulus, wanda ya kira kansa babban mai zunubi, ya tsaya wa Bitrus fuska da fuska a Antakiya da ya ga ya kauce. Kuma a zancenki akwai mutum ta uku da ba a tambayi ra'ayinta ba, matar mutumin nan, wataƙila da 'ya'ya. Shirunki ba ke zai fara ci ba, su zai ci.

Abin da binciken kai yake canzawa shi ne muryar da za ki je da ita. Ki tuna bawan nan na Matiyu 18 da sarki ya yafe wa talanti 10,000. Talanti ɗaya ya kai kimanin dinari 6,000, dinari kuwa ladan aikin yini guda ne, kin ga bashi ne da ko jikokinsa ba za su biya ba. Yana fita ya shaƙe wuyan abokin bautarsa a kan dinari 100. Bashin dinari 100 ɗin gaskiya ne, ba ƙage ba. Abin da ya kashe shi shi ne ya manta daga ina ya fito. Wadda ta tuna abin da aka yafe mata ba ta shaƙe wuya. Galatiyawa 6:1 ta ce in an kama wani cikin laifi, a komo da shi da ruhun tawali'u, kina kula da kanki kada ke ma a jarabce ki. Kuma ba banza Yesu ya zaɓi ido ba. Kin san yadda ake cire haki: sai mai shi ya yarda ya tsaya, ki matso kusa, ki buɗe fatar a hankali, ki hura. Ba a yinsa daga nesa, ba a yinsa da fushi, in kuwa ya ƙi buɗe idon ba kya tsokane shi da yatsa.

Saboda haka in kin gama da kanki, ki koma wurinta, ke da ita kaɗai, kamar yadda Matiyu 18:15 ta ce. Ba ta saƙon waya ba, don rubutu ba ya ɗaukar murya, kuma ana iya tura shi gaba. Kada ki jira ta sake jefo miki tarihinki, ke ki fara ɗauko shi. Ki ce mata, "Abin da kika faɗa a kaina gaskiya ne, na yi. Na san daɗinsa na farko, na san abin da ya ci mini daga baya, shi ya sa na kasa yin shiru." In a maganarku ta farko kin yi mata da ɗagawa, ko kin riga kin gaya wa wata, ki faɗa ki nemi gafararta kafin komai. Sannan ki tambaye ta yadda aka yi ta kai nan, ki kuma saurara da gaske. Sau da yawa akwai kaɗaici, ko bashi, ko wani alkawarin ƙarya da aka yi mata. Jin dalilin ba ya mayar da zunubin daidai, amma zai nuna miki inda take bukatar a riƙe ta.

Tana iya sake zaginki. Tana iya daina ɗaga wayarki. Ki ba ta lokaci, ki ci gaba da ambaton sunanta a addu'a, kada ki bi gari da zancen don huce haushi. In lokaci ya ja ba ta sauya ba, Matiyu 18:16 ta ce ki ɗauki mutum ɗaya ko biyu, kuma ki zaɓi waɗanda ita ma take ganin girmansu, masu riƙe sirri, ba ƙawayenki da za su tsaya a bayanki ba. Sai wannan ya gagara ake kai wa shugabannin ikkilisiya. Zuwa wurin matar mutumin kuwa, kada ki yi shi ke kaɗai cikin zafin rai. Wannan mataki ne mai iya rushe gida a yini ɗaya, ki bar shi sai kin yi shawara da fastonku ko wata dattijuwa da ta san su duka, su kuma su nemi mijin, domin shi ma akwai mai zuwa ya yi masa tasa maganar.